Abin da Ke Riƙe Mata Lokaci

Daren Talata a Aboabo.
Wuta ta dawo bayan isha'i,
fankar sama ta yi tari sau biyu ta kama juyi,
ni kuma na durƙusa na janyo jakar Gado
daga ƙarƙashin gado.
Sunansa, maɓoyarta, da abin da ta zame mini:
kalma ɗaya ce, harshe ne ke ja ko ya saki.

Na buɗe kwamfutar. Na danna.
Shiru.
Na sake dannawa, da bisimilla wannan karon.
Baƙin gilashi ya miƙo mini fuskata
da ɗankwali a karkace.

Na ce ko caja ce.
Na bi wayar da yatsa kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa,
na tarar da inda ɓera ya ɗanɗana ya bari,
na naɗe da salatif.
'Yar fitila ta kama, koriya, idon mage a lungu.
Iyakar gaisuwarta ke nan.

Mutawakilu ɗan maƙwabta,
wanda ya san komai tun bai san reza ba,
ya ce cire batir, danne maɓallin, ƙirga talatin.
Na ƙirga da Hausa, ya ƙirga da yaren Asante.
Ba ta ji ko ɗaya ba.
"Anti, masu gwangwan za su ba ki sidi arba'in."

Ban tanka ba.
Takardar ɗakin nan na cikinta,
Gado ya ɗauki hotonta kafin ambaliya ta cinye ta asalin,
mai gida kuma ya ba ni zuwa Juma'a.

Sai na ɗauko sukudireban keken ɗinkina.
Noti goma sha ɗaya a murfin kwalba,
na sha biyun ya kafe
sai da na lallashe shi da ɗigon man keke.
Ashe unguwa ce a ciki,
Zango in ka hango shi daga saman bene:
lunguna, rufin kwano, kwata siririya,
ƙura ta dunƙule a fanka kamar audugar rimi,
ga gawar kyankyaso, ƙafa a sama,
ɗan haya da ba wanda ya taɓa tambaya kuɗi.
Na hure.
Na zare ɗan allon nan mai haƙoran zinariya,
na goge, na mayar, har ya ce ƙas.

Na danna.
Fanka ta ja numfashi,
ta yi kuka uku, gajeru, ta koma.
Na kwanta da murna.
Majinyacin da ya yi nishi ya fi wanda ya yi tsit.

Da safe sai Adum,
jaka a cinya, gwiwar wani a haƙarƙarina.
Boakye mai gyara, a ƙarƙashin matakala,
ya sa na kwaikwayi kukan da bakina,
ya yi dariya har tabarau ya zamo,
sannan ya sa hantsaki ya ɓamɓaro
wani ɗan batir da bai fi maɓallin riga ba.
"Wannan ke riƙe mata lokaci.
In ya mutu, ta manta yau wace rana,
tsohuwa irinta sai ta ƙi tashi."

Sidi goma.

Haske ya zo a hankali, kamar mai jin kunya.
A kusurwa ta rubuta ɗaya ga Janairu,
wata shekara can baya.
A lissafinta Gado bai fara tari ba,
ruwa bai shigo ɗaki ba,
Inna na bakin titi tana juya ƙosai.
Boakye ya miƙa hannu zai gyara kwanan wata.
Na ce dakata tukuna.

Ta nemi kalmar sirri.
Na gwada ranar haihuwarsa, lambar motar da ya ja, sunana.
Ta girgiza kai sau uku,
sannan ta ɗaga ɗan rubutun da ya bar wa kansa
don ranar mantuwa:
abin da Inna ke kirana in na ɓata mata rai.

Tsakiyar Adum, masu talla na ihu a kaina,
na yi dariya da hanci a toshe.
Na sa yatsa ɗaya, harafi bayan harafi,
na zagi yayana.

Ta buɗe.